Ƙugiyar Da Firinta Ta Ƙi Bugawa: Tarihin Haruffanmu A Ofisoshin Yamai



A babban hutun bara wata ƙanwata, malamar aji ɗaya a wata lakwal ta gwamnati a nan Yamai, ta zauna ta zana allon baƙaƙe domin ɗalibanta. Ta yi aikin da Inkscape, manhajar zane da ake saukewa kyauta, a kan wata tsohuwar kwamfuta ƴar gwanjo. Kowane harafi da hotonsa: ɓ da ɓera, ɗ da ɗaki, ƙ da ƙofa. Da ta gama na ɗauke ta a babur muka nufi wani ofis a unguwar Plateau inda abokina yake aiki, domin suna da babbar firinta mai buga takarda A3, wadda duk kwamfutocin ofishin suke haɗe da ita.

Da farko kwamfutarta ta ƙi ganin firintar sam. Sai muka kwashe aikin a filas muka buɗe a kwamfutar sakatariya da manhajar zanen da ke cikinta. Takarda ta fito fes, ɓera na nan har da wutsiyarsa, amma a ƙarƙashinsa ɗan akwati ne sannan "era". Ƙ ta ƙofa kuwa ta fito siririya, ba ta yi kama da ƴan uwanta ba. Bayan mun ɓata takarda biyar, sakatariyar, wadda ta yi mana haƙuri ƙwarai, ta ce: "Malama, ki sa b da k kawai mana, ai kowa zai gane."

Babba zai gane. Yaro ɗan shekara shida da yau ya fara haɗa baƙi ba zai gane ba. A wurinsa baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, kasa da ƙasa duk za su zama abu guda a kan allo, alhali kunnensa na gaya masa daban suke. Wannan ya sa na koma na bi sawun matsalar, sai na tarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Daga dalma zuwa keken rubutu

Ga masu karatu daga Najeriya, Plateau ɗin da nake nufi ba Jihar Filato ba ce. Unguwa ce a Yamai, a kan tudun da ke kallon kogin Isa, wanda ake kira Kwara. Bayan Faransawa sun ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, a wannan tudu suka gina gidajensu da ofisoshinsu, kwarin Gunti Yena ya raba su da unguwannin ƴan ƙasa. Da aka samu mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu da dama suka gaji wurin. Suka kuma gaji kekunan rubutu na Faransa, masu jerin madannai da ake kira AZERTY. A kansu akwai é da è da à da ç, domin Faransanci aka ƙera su. Babu ƙ.

A ɗaya gefen iyaka an riga an yi wannan fama. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, kuma a zamaninsa da ɗigo da waƙafi ake nuna waɗannan sautuka. Haka ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya bi. Kafin shekarun 1930 su ƙare aka koma ga haruffa masu ƙugiya a hukumar talifi ta Zariya, inda Rupert East da Abubakar Imam suke aiki. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya a 1945. A wancan zamani harafi ɗan guntun dalma ne da ake jerawa, saboda haka maɗaba'ar da take son buga ɗ dole ta sa a zubo mata ɗ. Kuɗi ne, amma sau ɗaya ake kashewa, kuma maɗaba'u kaɗan ne.

Keken rubutu kuwa kowane ofis yana da nasa. Akawu ba shi da yadda zai yi illa ya buga k, in ya cire takarda ya bi da alƙalami yana ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gaji sai ya sa waƙafi, wanda ya fi shi gajiya ya bar harafin haka nan. Waɗanda suka yi aikin yaƙi da jahilci a Nijar cikin shekarun 1960 da 1970 sun san wannan wahala, domin ƙananan jaridun karkara da littattafan koyon karatu a kan sitansil ake buga su, a murza da injin ronewo, kuma kuskure a sitansil ba ya gyaruwa da sauƙi.

Tarurrukan da suka zaɓi haruffa

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, garin da firinta ta ƙi buga mana ƙ, a cikinsa aka yanke manyan shawarwari kan haruffan Afirka. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako kan yadda za a rubuta harsuna irin su Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Barbarci. Nijar ta bi tsarin Bamako, shi ya sa tsofaffin littattafanmu suke ninka wasali mai ja, a rubuta "saabon" maimakon "sabon". A 1978 UNESCO ta sake kiran taro, wannan karon a Yamai, inda aka fitar da jerin haruffan da harsunan Afirka za su riƙa ɗiba daga ciki. A 1980 aka kuma zama a Yamai ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka domin daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya, daga baya Nijar ta bar ninka wasali. A watan Oktoban 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, mai lamba 212, tare da makamantanta na Fulatanci da Barbarci da Buzanci da Zabarmanci. A ƙa'idar Nijar ƴ ake rubutawa da ƙugiya, a Najeriya kuma aka saba da 'y.

Masana ba su manta da injin ba. Cikin shekarun 1980 wasu Turawan Ingila biyu, Michael Mann da David Dalby, sun tsara madannan keken rubutu da za su ɗauki haruffan taron 1978, har suka sa musu sunan Yamai. Domin su samu gurbi sai suka zubar da manyan baƙaƙe baki ɗaya, suka bar ƙanana kawai. Tsarin bai karɓu ba, kuma ba a ga laifin kowa ba, domin wane ofis ne zai sayi keken da ba ya rubuta babban baƙi?

Duk wannan lokacin yara suna aji suna jira. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, cibiyar INDRAP da ke Yamai ta ɗauki nauyin rubuta littattafai. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, dokar 2001 ta lissafa harsuna goma a matsayin harsunan ƙasa. A takarda komai ya kammala. Saura injin da zai buga.

Yaren da firinta take ji

A nan sai mun ɗan leƙa waje, domin a Amurka aka ƙulla ƙullin da muka tarar a Plateau.

Firinta ba ta ganin abin da ke fuskar kwamfuta. Saƙo ake aika mata da wani yare nata, ita kuma ta bi umarni ta zuba tawada. A 1984 kamfanin HP ya fitar da LaserJet a kan dalar Amurka 3,495, tana jin yaren da ake kira PCL. A daidai wannan lokaci kamfanin Adobe ya fito da PostScript, yaren da ke iya siffanta layi da da'ira da harafi a kowane girma. A 1985 Apple ya sa PostScript cikin firintarsa LaserWriter, mai kuɗi dala 6,995. Tsadar ce ta sa aka yi ta yadda kwamfutoci da yawa za su yi tarayya a kanta ta igiya ɗaya. A 1991 HP ya fito da JetDirect, katin da ke ba firinta damar shiga sadarwar ofis kai tsaye. Al'adar firinta ɗaya a ƙarshen baranda, ma'aikata ashirin suna aika mata aiki, daga nan ta bazu.

Domin aiki ya yi sauri, waɗannan firintoci suna zuwa da salon haruffa a cikin cikinsu, irin su Times da Helvetica da Courier. Kwamfuta ba ta buƙatar aika siffar kowane harafi, lambarsa kawai za ta faɗa, firinta ta ɗauko nata. Dabara ce mai kyau ga wanda haruffansa suke cikin rumbun. Tsarin lambobi na ASCII gurbi 128 gare shi, na Turancin Ingilishi. Wanda ya biyo baya a 1987 domin Yammacin Turai gurbi 256 ne, ya ɗauki é da ç da ñ. Ƙugiyoyinmu ba su samu shiga ba. Duk lokacin da aka nemi harafin da babu shi a salon da ake aiki da shi, sai a samu akwati, ko alamar tambaya, ko a aro harafin daga wani salo daban ya fito kamar baƙo a gidan biki.

Tsakanin kwamfuta da firinta kuma akwai tafinta, ƴar manhajar da ake kira direba. Ita ke juya zane zuwa PCL ko PostScript. Kamfanonin firinta sun fi rubuta direba domin Windows da Mac. Cikin shekarun 1990 aka cika kasuwa da firintoci masu araha waɗanda ba su jin kowane yare da kansu, Windows ce ke yi musu dukan aikin. Mai amfani da wani tsari daban, ko wata manhaja mai araha wadda kamfanin bai gwada da ita ba, sai ya ga firinta a gabansa amma ba hanyar yi mata magana.

A ƙasashenmu abin ya haɗu da talauci. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk abin da ake shigowa da shi ya ninka kuɗi, daga tawada har lasisin manhaja. Manhajojin zane da tsara shafi irin su PageMaker na 1985 da CorelDRAW na 1989 sun fi ƙarfin albashin malami, sai aka koma ga kwafin da ake ba juna hannu da hannu. Masu rubutu da harsunan ƙasa kuma suka yi tasu dabarar: a ɗauki salon haruffa a cire wasu da Hausa ba ta aiki da su, a zana ƙ ko ɗ a gurbinsu. A kwamfutar mai shi komai daidai. Da an kai fayil ɗin wani ofis da ba shi da wannan salo, sai haruffan da aka cire su dawo wurinsu, rubutu ya zama shirme. Ayyuka da yawa na wancan zamani har yau suna kwance a tsofaffin faifai a wannan hali.

Takardar da ta maƙale a 1980

Maganin ya ɓullo ta inda ba a zata ba, kuma daga firintar ofis ya fara. Wajen 1980, a ɗakin binciken kwamfuta na jami'ar MIT da ke Amurka, akwai wani matashi mai suna Richard Stallman. Tsohuwar firintarsu sun gyara manhajarta yadda in takarda ta maƙale za ta sanar da masu jiran aiki, wani ya je ya cire. Sai kamfanin Xerox ya ba su sabuwa, mai sauri, amma bai ba su asalin rubutun manhajarta ba. Takarda na maƙalewa, mutane na tafiya su tarar ba abin da ya fito. Stallman ya nemi rubutun wurin wani mai bincike a jami'ar Carnegie Mellon, mutumin ya hana shi, domin ya sa hannu a kan alkawarin ɓoye sirri. Stallman ya sha ba da wannan labari a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan da suka tura shi. A watan Satumban 1983 ya shelanta aikin GNU, wato gina manhajojin da kowa ke da izinin karantawa da gyarawa da rabawa.

Daga wannan tafiya aka samu abubuwan da malami a Yamai yake amfana da su yau ba tare da ya sani ba. A 1988 L. Peter Deutsch ya fitar da Ghostscript, wadda ke karanta PostScript ta juya shi zuwa abin da firinta mai araha za ta iya bugawa. A 1999 Michael Sweet ya fitar da CUPS, tsarin da ke karɓar aiki daga kowace manhaja ya kai shi ga firinta ta hanyar sadarwa, bisa wata ƙa'ida ta bai ɗaya mai suna IPP. Apple ya fara aiki da CUPS a 2002, ya saye shi a 2007. Manhajojin zane na kyauta suka biyo baya: GIMP ta gyaran hoto a 1996, Inkscape a 2003, ga kuma Scribus ta tsara shafukan littafi da LibreOffice ta aikin ofis.

Ta gefen haruffa kuwa, a watan Oktoban 1991 aka fitar da Unicode, tsarin da aka yi da nufin ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin. Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ, manya da ƙanana, duk takwas suna ciki. Sai dai lamba daban, siffa daban: dole wani ya zauna ya zana harafin a cikin salon da za a yi aiki da shi. An ɗauki shekaru kafin hakan ta wadata. Ƙungiyar SIL ta fitar da salo irin su Doulos da Charis da Gentium kyauta, sannan Andika, wadda aka zana musamman domin masu koyon karatu, da haruffa masu kama da rubutun hannu na aji. A 1993 kuma Adobe ya fito da PDF, fayil ɗin da ke iya ɗaukar siffar haruffansa a cikinsa duk inda ya je, kamar matafiyi da guzurinsa.

Abin da ya rage mana

Da wannan guzurin muka warware matsalar ƙanwata. Mun koma kan kwamfutarta, ta mayar da rubutun duka zuwa Andika, ta adana aikin a matsayin PDF. Domin ƙarin tabbaci ta yi kwafi na biyu, inda ta umarci Inkscape ta mayar da haruffan su zama zane, yadda firinta za ta ɗauki ƙ kamar yadda ta ɗauki wutsiyar ɓera. Muka kai PDF ɗin kwamfutar sakatariya, takarda ta fito da ƙugiyoyinta cif. Daga baya wani matashi a ofishin ya nuna mana cewa kowace firintar sadarwa tana da lambar adireshi da ake gani a ɗan allonta, kuma da an rubuta lambar a kwamfutar ƙanwata tun farko, da wataƙila ta gan ta. Ba mu kashe ko dala ba in ban da takardun da muka ɓata.

Ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kowa na da ra'ayinsa kan wannan mataki, kuma sauran harsunanmu suna da nasu haruffan da ke shan irin wannan wahala: ŋ ta Zabarmanci da Fulatanci, ǝ ta Barbarci da Buzanci. Amma tarihin da muka bi ya nuna abu guda a fili. An zaɓi haruffa a 1966 da 1978 da 1980, an sa musu doka a 1999, kuma kowane karo injin da ke ofis ya zo daga baya da shekaru. Bambancin yau shi ne kayan aikin suna nan, kuma kyauta ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai zauna rabin yini ya sa su a kwamfutocin ofis da na makaranta, ya nuna wa masu bugawa inda ƙugiya take a madannai.

Saboda haka ina roƙon malamai, in za ku kai aiki wurin bugawa, ku kai shi a PDF, ku sa a buga shafi ɗaya ku duba kafin a saki sauran. Shugabannin makarantu da masu duba malamai su ajiye Andika ko Charis a filas ɗaya da kowa zai iya ara. Iyaye kuma, in yaro ya kawo takardar jarrabawa ko ta aikin gida da Hausa, ku duba ko an rubuta ƙasa ko kasa. In an zubar da ƙugiya, ku yi wa malamin magana cikin mutunci, domin sau da yawa ba sakacinsa ba ne, inji ne ya ci amanarsa, shi kuma bai san akwai mafita ba. Wayoyin da ke hannunmu ma suna da madannan Hausa da ake ƙarawa, mu saba da su a saƙonninmu, yara suna gani.

Akawun da ya bi takarda da alƙalami yana ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya yana da uzuri in ya gaji. Mu namu aikin bai kai kashi ɗaya cikin goma na nasa ba. Allon ƙanwata yana nan manne a bangon ajinta, kuma malamai uku na makarantar sun karɓi kwafin fayil ɗin.

Allah Ya taimaki malamanmu, Ya yi wa ƴaƴanmu albarka, amin.